Bindigar Toka Tsakanin Fada da Dawa: Sharhi a Kan Littafin Smaldone na Yaƙe-yaƙen Daular Sakkwato

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1977 ne Maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta buga littafin Joseph P. Smaldone mai suna Warfare in the Sokoto Caliphate, wanda ya yi nazarin tsarin yaƙi a Daular Sakkwato tun daga jihadi har zuwa cin ƙasar da Turawa suka yi a 1903. Da wuya ɗalibi ya tashi bincike a kan makamai a ƙasar Hausa bai ratsa ta cikinsa ba, kuma da yawa daga abin da ake maimaitawa a kundaye game da tarihin bindiga, daga nan aka ɗebo shi. Littafin da ya sami irin wannan matsayi ya cancanci a riƙa komawa kansa ana auna shi.

Wannan sharhi ya taƙaita ne a kan abin da littafin ya faɗa game da bindiga, musamman irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda Hausawa ke kira bindigar toka. Abin da za a nuna shi ne, marubucin ya kalli wannan makami daga ƙofar fada, ya kuwa gan shi sosai ta wannan fuska, amma ya bar mutum biyu a gefe, watau maƙerin da ke gyara ta da maharbin da ke cin abinci da ita. Barin su ya rage wa hujjarsa ƙarfi, ya kuma bar wa masu nazarin harshe da al'ada giɓin da ba a cike ba.

2.0 Matsayin Littafin a Kan Bindiga

Ana iya tattara ra'ayin Smaldone a matakai uku. Na farko, rundunar jihadi ta fara ne da dakaru masu baka da kibiya, kuma da su ta karya dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804. Na biyu, da daula ta kafu sai doki ya dawo ya zama ƙashin bayan yaƙi, sarauta da arziki suka koma hannun masu iya ɗaure dawaki da ciyar da barade. Na uku, daga wajen 1860 bindigogi suka fara yawaita, sarakuna suka danƙa su ga bayinsu, suka kafa rundunonin 'yan bindiga waɗanda ba su da ubangida sai sarki. A ganinsa wannan ya fara karkatar da iko daga hakimai zuwa fada, kuma da Turawa ba su katse al'amarin ba, da tsarin mulki ya sāke kama.

Akwai shaidun tarihi da ke goyon bayan wannan tsari. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743), ya kuma ce Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Ambaton da ya yi na bindiga a hannun Dagaci a zamanin Dauda (1421 zuwa 1438) kuwa, masana sun daɗe suna shakkarsa, domin lokacin ya yi wuri ƙwarai. A Barno, Ahmad bin Fartuwa ya rubuta labarin 'yan bindigar Turkawa da Mai Idris Aloma ya yi amfani da su a ƙarni na 16. A ƙarni na 19 kuma, Etsu Masaba na Nupe (1859 zuwa 1873) ya tara bindigogi ta hanyar ciniki da Turawan kogin Kwara, Sarkin Damagaram Tanimu ya sa an ƙera masa igwa a Zinder, Sarkin Zazzau Yero ya yi suna da 'yan bindigarsa, Rabe kuma ya ci Barno a 1893 da rundunar da ta dogara ga wuta.

3.0 Inda Littafin Ya Yi Ƙarfi

Abu na farko da ya kamata a yaba shi ne yadda marubucin ya bi sawun fataucin bindiga. Ya rarrabe hanyar arewa, wadda ta ratso hamada daga Tarabulus, da hanyar kudu, wadda ta taso daga bakin teku ta bi ta ƙasar Yarabawa da Nupe, ya kuma nuna yadda kowace ƙasa da ke kan hanya take tare makamai don kada su wuce ta su isa ga maƙwabciyarta. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa Bida ta riga Sakkwato cika da bindiga, ko da yake Sakkwato ce uwar daula.

Abu na biyu shi ne haɗa makami da siyasa. Kafin wannan littafi, yawancin abin da aka rubuta a kan yaƙin ƙasar Hausa labarin wanda ya ci da wanda aka ci ne. Smaldone ya tambayi wane ne ke riƙe da makamin, wa ya saya, wa kuma yake tsoron ya faɗa hannun wani. Amsar da ya bayar, cewa sarki ya fi amincewa da bawa a kan ɗan'uwansa idan zancen bindiga ne, ta dace da abin da M. G. Smith ya gano a Zazzau a littafinsa na 1960. Haka nan jerin kalmomin yaƙi da na sarautun yaƙi da ya sa a ƙarshen littafin abin amfani ne ga mai nazarin Hausa.

4.0 Inda Ya Yi Rauni

4.1 Madogara

Yawancin alƙaluman bindigogi da ake da su na ƙarni na 19 daga matafiyan Turawa suka fito, irin su Clapperton da Barth da Nachtigal, sai kuma rahotannin jami'an soja. Waɗannan mutane baƙin sarki ne. A fada ake saukar da su, abin da suka gani shi ne abin da aka fito da shi ranar hawa ko ranar yaƙi. Bindigar da ke rataye a bukkar maharbi a gefen dajin Rugu ko na Falgore ba ta shiga lissafinsu, domin ba su je can ba, wanda ya je ma ba zai ɗauke ta abin rubutawa ba. Saboda haka idan aka ce bindiga ta kasance a hannun sarki da bayinsa, abin da aka tabbatar shi ne bindigar da aka ƙirga tana hannunsu. Littafin bai ja hankalin mai karatu sosai ga wannan bambanci ba.

4.2 Ma'aunin da Aka Auna Bindigar da Shi

A 1826 Clapperton ya halarci harin da rundunar Sarkin Musulmi Bello ta kai wa Gobirawa, ya kuma ba da labarin cewa bindigogin rundunar duka arba'in ne da 'yan kai, masu riƙe da su kuwa suna harbawa ne su ruga baya inda kibiya ba ta kai wa, su sāke ɗuri. Daga irin wannan labari ne aka gina hukuncin cewa bindigar toka makami ne mai ƙara da hayaƙi, marar tasiri. A fagen fama hukuncin yana da gaskiya. Ɗuri ɗaya yana cin lokacin da mai baka zai saki kibau da dama. Sai an zuba albarushi, an tura tsumma ko ɓawo, an zuba harsashi, an danna da ƙarfen ɗuri, sannan a gyara wurin kama wuta. Cikin bututunta sumul yake, don haka harsashi ba ya tafiya saiti idan nisa ya yi yawa. Da damina kuma albarushi yakan sha sanyi ya ƙi tashi.

To amma waɗannan aibobi na yaƙi ne, kuma yawancinsu ba su dami maharbi ba. Shi harbi ɗaya yake bukata, ya kuwa yi ɗurinsa tun daga gida. Nisa ba ya ba shi wahala, domin sana'arsa gaba ɗaya ta ginu ne a kan kusantar dabba: sanɗa, da kwanton ɓauna a mashaya, da lura da inda iska ke kaɗawa, da ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har ya shiga cikin garke. Sumul ɗin bututun nan da ya zama aibi ga soja, shi ne amfaninta ga mai neman ƙananan namun daji, domin yana ba shi damar ɗura tsakuwa ko gutsattsarin ƙarfe su watsu, ya sami zabi biyu ko uku a tashi ɗaya, ko fakara, ko zomo a guje. Idan gada ko barewa yake nema sai ya sauya ɗuri. Bindiga ɗaya ta ishe shi duka.

Kwatanci da wata ƙasa zai ƙara fito da wannan. A ƙarni na 18 maƙeran Jamusawa da suka zauna a yankin Lankasta ta Fensilbaniya a Amurka sun ƙera doguwar bindiga wadda ita ma ta baki ake ɗura ta, amma an yi wa cikin bututunta zane mai murɗawa, ana kuma naɗe harsashi ɗaya a ƙyalle mai maiƙo. Wannan ya sa take kai wa nesa da saiti, har aka riƙa yin masu ƙaramin baki musamman don harbin kurege a kan itace. Maharbin can ya zuba ƙwarewarsa a cikin ƙarfe da saiti, na ƙasar Hausa kuwa ya zuba tasa a cikin sanin daji da halin dabba. Kowannensu ya biya bukatarsa. Mai auna bindigar toka da ma'aunin soja kaɗai ba zai gane dalilin da ya sa ta wuce shekara ɗari a hannun talaka bayan ta fita daga fagen yaƙi ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Maharban giwa sun ƙirƙiro sango, watau ƙaramin mashi mai dafi da ake zurawa a bakin bindiga a harba. A nan an haɗa ƙarfin albarushi da ilimin dafi wanda maharba suka gāda tun zamanin kibiya. Wannan fasaha a dawa aka haife ta, kuma ita kaɗai ta isa ta nuna cewa akwai tarihin bindiga na biyu wanda bai bi ta fada ba.

4.3 Maƙeri

Bindigogin da aka riƙa kawowa Afirka ta Yamma a ƙarni na 18 da na 19, yawancinsu a Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera su, da araha, don kasuwar Afirka. Sunan da Turawa ke kiransu da shi yana komawa ne ga 'yan kasuwar Denmak da suka yi zama a gaɓar Ankara ta ƙasar Gana. Kaya ne masu saurin lalacewa: bututu ya tsage, ƙarfen da ke ɗana kunama ya karye, ƙanƙarar da ke ba da wuta ta cinye. Ke nan rundunar 'yan bindiga ba ta tsayawa wata shida ba tare da maƙeri ba, ba ta kuma tsayawa ba tare da mai haɗa albarushi daga gawayi da farar wuta da gishirinsa ba. Littafin ya taɓo waɗannan mutane a gurguje, a matsayin masu hidima. Amma idan hujjar marubucin ita ce sarki ya mallake bindiga, to tambayar da ta wajaba ita ce ko ya mallake maƙera. Wanda ya iya gyara kunama ya kusa iya ƙera ta, kuma ilimin da ke hannun maƙeri ba ya kulluwa a taskar sarki. Sarki yana iya tare fatake a ƙofar gari, amma maƙera suna kowane ƙauye. Wannan ne ya sa zancen juyin da bindiga ta kusa kawowa yake bukatar sassauci.

5.0 Shaidar Harshe

Marubucin ya jera kalmomi, amma bai tambaye su labari ba, alhali kuwa suna da abin faɗa. Kalmomin bindiga a Hausa hawa biyu ne. Hawa na farko na aro ne daga Larabci: bindiga daga bunduƙiyya, albarushi daga albarud, harsashi daga arrasas, watau darma. Wannan yana nuna cewa Bahaushe ya fara sanin makamin ta hannun mutanen arewa da gabas, ko da yake daga baya mafi yawan bindigogin ta kudu suka shigo. Suna ya riga kaya isowa, kuma da kayan suka sauya hanya sunan bai sauya ba.

Hawa na biyu na gida ne, kuma a nan ne muryar mai amfani da ita take fitowa. Abin da ake ja a harba, kunama ne. Zuba mata albarushi ɗuri ne, kalmar da ake yi wa jariri da dabba idan ana ba su ruwa ko magani ta baki. Ita kanta ana ce mata ta toka, ana ce mata baushe, ana kuma yi mata laƙabi da harba-ka-ruga, laƙabin da ya zo daidai da abin da Clapperton ya gani, sai dai shi Bahaushe da raha ya faɗe shi, raha irin ta wanda ya san halin kayansa. Aikatau ɗin ma na baka ne: harbi ake yi da ita kamar yadda ake yi da kibiya, mai ita maharbi ne, shugabansa kuma Sarkin Baka, ko da a ce duk mabiyansa bindiga suke rataye da ita. Harshe ya karɓi bindiga ya sa ta a gurbin baka, bai buɗe mata sabon gida ba. Wannan shaida ce mai ƙarfi cewa a wajen talaka, bindiga ci gaban farauta ce kafin ta zama komai.

Sai kuma kalmar ɗan bindiga. A littafin Smaldone, kamar yadda yake a fadojin Kano da Katsina da Zazzau, ɗan bindiga bawan sarki ne mai ɗinkakkiyar riga, wanda ke buga wuta ranar hawan salla. A bakin mutanen Zamfara da Katsina tun daga shekarun 2010 kuwa, kalmar ta koma nufin ɗan ta'addan daji mai satar mutane da shanu. Kalma ɗaya ta tashi daga mai tsaron sarki ta koma kan mai tare hanya. Maharbi bai taɓa shiga ƙarƙashin wannan suna ba, a tsohuwar ma'anarsa ko a sabuwa, kuma wannan rarrabewa da harshe ya yi tana da muhimmanci.

6.0 Bayan 1903

Littafin ya tsaya a 1903, kuma ba laifi ba ne marubuci ya yanke wa aikinsa iyaka. Sai dai abin da ya biyo baya yana haska abin da ya gabata. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a yawancin nahiyar, amma ta bar ƙofa ga bindiga mai ƙanƙara marar zane a ciki da albarushin kasuwa. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu da Sakkwato a watan Maris na 1903, rundunonin 'yan bindiga suka zama na ado. Bindigar da ta rayu ita ce ta maharbi. Maƙera suka koma ƙera ta gaba ɗayanta, har suka riƙa yin bututu da ƙarfen sitiyarin mota, suna sassaƙa mata ƙota da itacen gida. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta ware wa bindigogin da ake ɗurawa ta baki rukuninsu dabam, ta kuma ɗaure ƙera makami da izinin hukuma. Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 da keɓe dazuzzuka irin su Yankari, wanda aka ware a 1956, sun rage wa maharbi fili. Manyan dabbobi suka ja baya, sana'ar ta koma kan zabo da zomo da gafiya da gada.

Illar wannan ga bincike a fili take. Sana'ar da doka ta sa wa ido ba ta son mai tambaya, maƙerin da ya san sunan kowane ƙarfe na jikin bindiga ba zai saki baki ga baƙo mai littafi da alƙalami ba. Kalmomin suna tafiya tare da tsofaffin da suka san su. Illarsa ga rayuwa kuwa ta fi haka nauyi. A 2014 maharban Adamawa sun taimaka wa sojoji wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, aka yi ta yabonsu. A watan Maris na 2025 kuma aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta ne da ke komawa gida Jihar Kano, bayan an ga bindigogin toka a motar da suke ciki an ɗauke su masu satar mutane. Makami ɗaya ne a duka wuraren biyu. Al'ummar da ba ta da rubutaccen bayani a kan wane ne maharbi, mene ne kayan aikinsa, yaya kuma ya bambanta da ɗan bindiga, ta bar shi a hannun zato.

7.0 Kammalawa

Littafin Smaldone yana nan da darajarsa a kan abin da ya shafi fatauci da fada da rundunar sarki, kuma mai son sanin yadda bindiga ta shiga siyasar daula ba shi da madadinsa. Rauninsa shi ne ya ɗauki abin da baƙin sarki suka ƙirga a matsayin dukan abin da ke akwai, ya auna makamin da ma'aunin fagen fama kaɗai, ya kuma wuce maƙeri da maharbi ba tare da ya zauna da su ba. Saboda haka ra'ayinsa na cewa bindiga ta kusa tattara iko a hannun sarakuna ya fi ƙarfin shaidar da ya kawo.

Aikin da ya rage na masu nazarin Hausa ne fiye da na masu tarihin soja. Ana bukatar a tattara sunayen sassan bindigar toka daga karin harshen Kano da Sakkwato da Damagaram da Bauci, a gwada su da abin da Bargery ya rubuta a ƙamusunsa na 1934, a ga abin da ya ɓace da abin da ya shigo. Ana bukatar a nazarci kirarin maharba a ga inda bindiga ta gāji kirarin baka da inda ta sami nata. Philip Jaggar ya nuna a littafinsa na 1994 a kan maƙeran birnin Kano cewa zama da masu sana'a yana fito da abin da takardun hukuma ba su ɗauke da shi. Irin wannan zama ne ake bin maƙeran bindiga da maharba bashinsa, kuma waɗanda za a zauna da su suna ƙara ƙaranci kowace shekara.